Makaɗa da Mawaƙan Bayan Fage: Yadda Za Ka Nemo Su a Gaya da Ajingi

Ɗauko wayarka ka buɗe inda waƙoƙi suke, ka gangara can ƙasa. Bayan ka wuce su Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ado Gwanja, da wuya ba ka ci karo da wata waƙa marar suna ba, sai dai haruffa da lambobi irin waɗanda WhatsApp yake liƙa wa sauti. Ka san waƙar, wataƙila ma ka haddace amshinta. Amma da za a tsare ka a ce wa ya yi ta, ɗan wane gari ne, iyakarka ka ce, "Wallahi wani abokina ne ya tura mini."

To, masu irin waɗannan waƙoƙi su ne maganarmu ta yau. Waƙarsu tana yawo, sunansu yana zaune a gida. Za mu ɗauki Gaya da Ajingi mu duba irin makaɗa da mawaƙan da ake samu a wannan yanki, inda ake ganin su, yadda ake gane na ƙwarai, da yadda za ka tallata wanda ya burge ka ba tare da ka cuce shi ba.

Su wa ake nufi?

A Turai da Amurka, idan aka ce ƙungiyar kiɗa mai cin gashin kanta, ana nufin wasu samari da jita da ganguna waɗanda ba sa ƙarƙashin babban kamfanin waƙa. Su suke biyan kuɗin situdiyo, su suke neman inda za su yi wasa. A wajenmu kusan kowane mawaƙi haka yake, don ba mu da manyan kamfanonin da suke ɗaukar mawaƙi su riƙe. Abin da ya raba mawaƙanmu gida biyu shi ne hanya. Akwai wanda yake da furodusan da zai saka waƙarsa a fim, ko ɗan siyasar da ya tsaya masa, ko jarumar da za ta hau waƙar a bidiyo. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya, daga shi sai muryarsa da yaransa da mutanen garinsu. Wannan na biyun shi muke kira na bayan fage.

Yankin a taƙaice

Gaya tana gabas da birnin Kano, ana bi ta Wudil a je. Tsohon gari ne ƙwarai. Labarin kafuwar Kano da aka gada yana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zo Dutsen Dala neman tama, kuma zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa. A 2019 aka yi wa Gaya masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe ta a 2024, sannan a cikin wannan shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, tana ɗauke da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Cikin garuruwan Gaya akwai Kademi, Shagogo, Balan, Gamarya da Maimakawa. A Ajingi kuma akwai Toranke, Gafasa, Chula, Balare, Dundun da Kunkurawa.

Abubuwa uku a nan sun shafi kiɗa kai tsaye. Akwai sarauta, kuma duk inda sarauta take akwai makaɗan fada. Ƙasar noma ce, don haka harkar biki da wasa tana bin damina da kaka. Sannan yankin ya yi iyaka da Jigawa, makaɗi zai iya yin wasa yau a nan, gobe a can, don kiɗa bai san iyakar jiha ba.

Yadda ƙungiyar kiɗa take

Kafin fiyano ya zo, waƙar Hausa aikin taro ce. Akwai uban kiɗi, shi ne mai jan waƙa, kuma da sunansa ake kiran ƙungiyar. Akwai 'yan amshi masu karɓa masa, wani lokaci ma su ƙarasa masa ɗango idan ya ɗauko. Akwai makaɗa, kowa da abin da yake riƙe da shi. Akwai sanƙira, mai zuga da sanar da jama'a wane ne ya yi kyauta, kuma me ya bayar. Idan aka tashi daga wasa, uban kiɗi ne yake raba abin da aka samu. Haka Mamman Shata ya yi aiki da kalangunsa har rasuwarsa a 1999, haka Musa Ɗanƙwairo ya yi da kotso. Wanda yake neman abin da Turawa suke kira ƙungiyar kiɗa a ƙasar Hausa, ga ta nan, tun kaka da kakanni.

Rukunan da za ka tarar

Makaɗan fada. Su ne masu tambari, kakaki, algaita, kotso, taushi da jauje. Sarki da hakimai da dagatai suke yi wa kiɗa, kuma yawanci gadon gida ne. Kowane basarake yana da takensa, wanda ya san abin zai gane wanda yake tafe tun bai hango rawaninsa ba. Ranar hawan Sallah da ranar naɗin sarauta ake ganin su sosai.

Makaɗan sana'a. A al'ada kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma a wajen gayya, ga kiɗan maharba da na 'yan tauri, ga na 'yan dambe da 'yan kokawa. A garin da tarihinsa ya ratayu da ƙira kamar Gaya, ya dace duk mai son kiɗa ya tambayi dattawan maƙera labarin dundufa. Wannan rukuni shi ya fi saurin ɓacewa, saboda gayya ta ragu, kuma 'ya'yan makaɗan da yawa sun kama wata sana'ar.

Masu tsirkiya. Goge da kukuma ana goga su ne da izgar doki, kukuma ita ce ƙarama mai siririyar murya. Gurmi da garaya da kuntigi kuwa da yatsa ake kaɗa su. Idan kana son ka horar da kunnenka, nemi Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam ka ji kukuma, ka nemi Haruna Uji na Haɗeja ka ji gurmi, ka nemi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ka ji kuntigi. Bayan ka saba da waɗannan, in ka ji wani yaro yana kaɗa gurmi a bakin kasuwa za ka iya gane ko hannunsa ya faɗa.

Ƙungiyoyin mata. Kiɗan ƙwarya da amada na cikin gida ne, ranar suna da wunin biki. Ana kifa ƙwarya, wata a ƙasa wata a cikin ruwa, a riƙa bugawa, zabiya tana ja ana amsa mata. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano su suka fi yin suna. Amma kusan kowane yanki yana da tasa zabiyar da matan garin suka sani, maza kuwa ko sunanta ba su taɓa ji ba. 'Yan uwa mata masu karanta wannan, ku kaɗai kuke da ƙofar shiga nan.

Sha'irai da 'yan mandiri. Masu yabon Annabi (SAW), wasu da mandiri, wasu da baki kawai, wasu kuma yanzu da fiyano. Suna da tsari mai ƙarfi, da jagora da 'yan amshi da zawiyya ko makarantar da suka fito. Manyan da aka sani irin su Rabi'u Usman Baba da Umar Abdul'aziz Fadar Bege da Bashir Ɗandago sun bar ɗalibai da masu koyi a ko'ina. A watan Maulidi za ka ji muryoyin da za ka rantse sun fi wasu da ake sakawa a rediyo.

'Yan situdiyo. Su ne matasa masu nanaye, waƙar soyayya, ta amarya da ango, ta siyasa, ta makaranta ko ƙungiyar ƙwallo. Mawaƙi yana zuwa da rubutunsa da karinsa, mai kiɗa ya haɗa masa a fiyano da kwamfuta, a nemo mai amshi, a gyara murya da na'ura. Mafi yawan abin da suke ci daga waƙar biki ne, wadda ake ba su sunayen dangi su jera. Irin wannan waƙa ranar bikin take rayuwa, washegari ta mutu. Abin da za ka nema a wajensu shi ne waƙar da suka yi don kansu, ba wadda aka saya ba.

'Yan hip-hop. Yaran da suka taso suna jin Classiq da DJ AB da Deezell, suna kallon Nomiis Gee a Arewa24. Sau da yawa su biyu ne ko uku, suna ɗauko kiɗa daga intanet su hau. Wanda ya fi daɗin ji a cikinsu shi ne mai ba da labarin garinsu da Hausar garinsu, ba mai kwaikwayon Legas ba.

Me ya sa ba a san su ba?

Dalili na farko fiyano ne. Masana'antar Kannywood ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma zuwa lokacin da Sangaya ya fito ya karaɗe gari, kiɗan fiyano ya zama shi ne kiɗan fim. Mutum ɗaya a ɗaki yana iya fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga a lokaci guda. Mai biki ya ga ɗaukar DJ da sifika ya fi masa sauƙi a kan ciyar da ƙungiya guda da sallamarta. Haka aka riƙa ture makaɗan hannu gefe.

Na biyu, komai yana birni. Manyan situdiyo, furodusoshi, jarumai, gidajen rediyo irin su Freedom da Rahama da Dala da Arewa, duk a cikin Kano suke. Yaron Toranke ko Kademi sai ya biya kuɗin mota, ya biya na situdiyo, ya kwana a wajen ɗan uwa, kafin ma a fara maganar wa zai saurare shi.

Na uku, yadda waƙa take yawo. Daga mai turi a kasuwa zuwa memori, daga memori zuwa Xender, daga nan zuwa WhatsApp. A kowane zango sai wani abu ya zube. Sunan mawaƙi ya ɓace, ko wani ya rubuta sunan fitaccen mawaƙi a kai don a fi karɓa, ko a yanke farkon waƙar inda mai ita ya ambaci kansa. Ƙarshenta wani a birni ya ji karin ya yi masa daɗi, ya sake shi da sabon kiɗa, mai asalin abin yana ƙauye yana ji a wayar mutane.

Na huɗu kuma raini ne, kuma laifinmu ne mu masu sauraro. Da an ce waƙar ƙauye ce sai a taɓe baki. Mun manta cewa marigayi Rabilu Musa Ibro daga Ɗanlasan ya fito, nan ƙasar Warawa kusa da Wudil, kuma finafinan da aka riƙa yi wa kallon camama su suka mai da shi sunan da babu gidan da bai shiga ba kafin rasuwarsa a 2014. Dauda Rarara ma har gobe da sunan ƙauyensu Kahutu ake kiran sa.

Ina ake samun su, kuma yaushe?

Da damina jama'a suna gona, wasa yana raguwa. In an yi sa'a a nan ake jin gangar noma. Da kaka, daga wajen Oktoba zuwa sanyi, amfani ya zo gida, kuɗi ya shigo hannu, sai bukukuwa su ɓarke, a buɗe fagen dambe da kokawa, wasu garuruwan a yi kalankuwa. Wannan shi ne babban lokacin mai neman makaɗa. Haka ma makonnin da suke gab da azumi, lokacin da ake rige-rigen ɗaura aure. Daga goma ga azumi akwai tashe, wanda a cikinsa yara da yawa suke fara gwada murya a gaban jama'a. Sai hawan Sallah na makaɗan fada, sai Rabi'ul Awwal na sha'irai. Lokacin zaɓe kuwa kowane ɗan takarar kansila yana da mawaƙinsa, kuma a cikin wannan hayaniya akan tsinci masu basira.

Wajen mutanen da za ka tambaya, fara da mai tura waƙoƙi a waya, wanda galibi shi ne mai cajin waya. Kada ka ce masa ya saka maka sababbi, don zai loda maka abin da kowa yake da shi. Ce masa, "Malam, waƙoƙin 'yan garin nan nake so." Kwamfutarsa ita ce ma'ajiyar waƙar yankin, ko da shi bai ɗauke ta haka ba. In ka bi ta Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwarta take ci, za ka tarar da masu turi da jama'ar garuruwa da yawa a wuri ɗaya.

Bayan shi sai DJ na biki da mai hayar sifika, su suka san waƙar da take tayar da mutane daga kujera. Sai direbobin motar haya da 'yan acaɓa, waɗanda suke kwana suna tashi da waƙa a kunne. Don makaɗan gargajiya, je ka gaida sarkin makaɗa ko sarkin pawa ko sarkin maƙera na garin, ka faɗi abin da ya kawo ka cikin ladabi. Don zabiyoyi, a tambayi masu kitso da masu lalle da iyayen biki.

A intanet kuma, rubuta sunan gari tare da kalmar waƙa ko kiɗa a TikTok, Facebook, YouTube ko Audiomack. Gwada rubutu iri biyu, da ƙugiya da babu, wato "waƙar" da "wakar", saboda yawancin masu ɗorawa ba sa saka ƙugiya. Kada yawan masu kallo ya rufe maka ido. Bidiyon da mutum 200 suka kalla zai iya fin wanda dubbai suka kalla.

Yadda za ka gane na ƙwarai

Ba duk wanda ba a sani ba ne gwani. Wani rashin sanin nasa ma rufin asiri ne. Ga ma'aunan da za su taimake ka:

1. Saurara ba tare da kallon bidiyo ba. Kife wayar ka ji ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta.

2. Duba karin. Nasa ne, ko na Indiya ne ko na wani mawaƙi aka canja wa kalmomi? Aron kari tsohon abu ne a waƙar fim, amma mai ƙirƙirar nasa shi ne abin nema.

3. Duba amshi. In ka tashi washegari ka ji bakinka yana maimaita shi ba ka shirya ba, an yi aiki.

4. Duba magana. Akwai azanci, karin magana, habaici mai ma'ana? Ko kuwa jera kalmomi ne kawai don ƙarshensu ya yi daidai? Mai batsa da mai zagin mutane da suna, bar shi inda ka gan shi.

5. Ji shi a fili. Na'urar gyaran murya tana rufa asiri da yawa. Wanda zai tsaya a gaban jama'a ya rera ba tare da ita ba, numfashinsa bai yanke ba, shi ne mawaƙi. In ƙungiya ce, lura da yadda makaɗa suke bin uban kiɗi idan ya sauya kari ba zato.

6. Nemi waƙa ta biyu da ta uku. Waƙa ɗaya tana iya zama dace.

Darasi daga maƙwabta

Akwai labarin da ya kamata duk mai raina waƙar memori ya sani. Mdou Moctar makaɗin jita ne daga Abzinawan Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar, da irin gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya har Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙi daga memorin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. A 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones. Aikin da ya fi ba shi wahala shi ne gano masu waƙoƙin don a ba su kasonsu, saboda da yawa babu cikakken suna a jiki. Da aka gano Mdou Moctar, ƙofa ta buɗe. Yau yana zaga duniya da ƙungiyarsa, kuma kundinsa Afrique Victime na 2021 ya fito ne ta kamfanin Matador na Amurka.

Shi dai wannan kamfani na Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. In kana son jin yadda ƙungiyoyin biki suke zama abin alfahari, nemi Etran de L'Aïr na Agadas, waɗanda 'yan uwa ne da suka yi shekaru suna kiɗan aure kafin duniya ta san su. Nemi Les Filles de Illighadad, waɗanda sunan ƙauyensu suke amsawa. Nemi kuma Tal National na Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Abzinawa, musamman kundinsu Kaani na 2013. Duk waɗannan daga fagen biki suka taso, irin wanda ake kafawa a Gaya da Ajingi kowace kaka.

Yadda ake tallata mawaƙi ba tare da an cuce shi ba

Nemi izini kafin ka ɗauka. Ka gaida uban kiɗi, ka gaya masa inda za ka saka. In taron mata ne na cikin gida, sai da yardar masu gida da ta zabiyar, kuma sauti kawai ya wadatar. Kada a watsa fuskar matar wani a duniya saboda neman mabiya.

Gyara ɗaukar. Matsa daga jikin sifika don kada sauti ya fashe, ka juya wa janareta baya, ka kwantar da wayar, ka ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe. In da hali, roƙi mai waƙar ya faɗi sunansa da garinsu da bakinsa a farkon ɗaukar. Abin da aka faɗa a cikin sauti ya fi wuyar gogewa a kan abin da aka rubuta a jiki.

Saka suna da gari. Dubi yadda magabata suke amsa suna: Ɗanmaraya Jos, Sani Sabulu Kanoma, Ɗanƙwairo Maradun. Ko Breaker ma Ɗorayi yake liƙawa. Sunan gari adireshi ne, mai son gayyata ya san inda zai dosa. Kafin ka tura wa kowa, canja sunan fayil ɗin ya zama sunan mawaƙi, garinsu, sunan waƙa da shekara. In za ka tura ta WhatsApp, rubuta bayanin a ƙasan saƙon ma, ko da sunan ya ɓace a hanya.

Faɗi dalili. "Wannan waƙar ta haɗu" ba ta jan kowa. Ce mai kukuma ne, yaransa huɗu, ji abin da ya yi a minti na uku, in kana son Ahmadu Doka za ka so shi. Waƙa ɗaya za ka miƙa, mafi kyawu, ba goma ba.

Kada ka ɗora a shafinka kamar taka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, tana kare mai waƙa ko da bai taɓa shiga situdiyo a birni ba. Abin da ya fi shi ne ka taimaka masa ya buɗe nasa shafin da lambarsa, kalmar sirri tana hannunsa. Ɗora waƙa a Audiomack da YouTube kyauta ne. Sai dai a gaya masa gaskiya, YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai shafi ya kai mabiya 1,000 da yawan kallon da aka ƙayyade, don haka kada ya sa rai da wuri. Ribar farko ita ce a san shi, a kira shi wasa. Lambar wayarsa kuwa, kada ka saka sai ya ce a saka.

Tuna masa da hukuma. Jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma harkar mawaƙa tana ƙarƙashinta. Wanda yake son ya mai da waƙa sana'a, gara ya je ya ji ƙa'idar rajista tun kafin waƙarsa ta yi nisa.

Sa hannu a aljihu. Yabo ba ya sayen fatar ganga. In ka je wasa ka yi liƙi daidai ƙarfinka. In bikin gidanku ya taso, ka ba da shawara a ba makaɗan gari awa ɗaya kafin DJ ya kunna kayansa. In kana jin shirin zaɓen waƙoƙi a rediyo, ka riƙa tambayar waƙarsa da sunansa, ko ba su da ita za su san ana nema.

Abin da za ka riƙa rubutawa

Duk wanda ka gano, ajiye waɗannan a littafi ko a waya: sunan da yake amsawa, garinsu da ƙaramar hukuma, irin kiɗansa da kayan da ake kaɗawa, yawan yaransa, wajen wanda ya koya, waƙoƙinsa uku da aka fi so, da rana da wurin da ka ji shi. Tambayar wajen wa ya koya tana da muhimmanci, don sau da yawa amsarta za ta kai ka ga wani dattijo da ya ajiye kiɗa, wanda yake ɗauke da waƙoƙin da babu su a memorin kowa. Irin waɗannan dattawa ba jiran mu suke yi ba, kowace shekara ana rasa wasu.

Don haka aikin farko mai sauƙi ne. Koma kan waccan waƙa marar suna da take wayarka, ka kira wanda ya tura maka, ka tambaye shi inda ya samo ta. Shi ma ya tambayi nasa. Da wuya a wuce mutum huɗu ko biyar ba a dangana da wanda ya san mai ita ba. In ka samo sunan, ka gyara fayil ɗin, sannan ka tura gaba. Allah Ya ɗaukaka masu basirar da suke ɓoye, Ya sa mu ji su tun suna raye.